Shekarar da Maganaɗisu Ya Ƙone a Germantown

A walimar auren Habiba, a zauren nan da muka kama a Manassas, Yusuf ya miƙe ya karɓi makirufo ya yi magana a kaina. Da Turanci ya yi, kamar yadda kuka saba, yana ɗan jefa Hausa nan da can don ya faranta wa manya. Ya ce mahaifinsu mutum ne da ya gwammace ya rasa aiki da ya yi ƙarya, ya ce an kore ni daga Germantown ne saboda na tsaya a kan gaskiya. Jama'a suka tafa. Wani dattijo a teburin bayana ya dafa kafaɗata yana sa albarka. Na sunkuyar da kai, aka ɗauka kunya ce irin ta uban da ake yabo a gaban surukai. Ummanku Hajara kaɗai, daga can ɓangaren mata, ta san abin da ya hana ni ɗaga ido. Abin da Yusuf ya faɗa ba ƙarya ba ne, amma rabin zance ne, kuma ni na bar ku da wannan rabin tun kuna ƙanana saboda ya fi daɗin ji. Yanzu furfura ta cinye gemu, likita ma ya fara yi mini magana a hankali. Gara ku ji sauran daga wurina, ke Zainab, da kai Yusuf, da ke Habiba.

Sai na fara da aikin, domin har yau in an tambaye ku sana'ata cewa kuke yi Baba yana gyaran maganaɗisu. Kamfanin da ya ɗauke ni bayan na gama karatu ƙarami ne, a wani dogon gini mara taga kusa da babbar hanyar 270. Ba zan ambaci sunansa ba, ya ma daɗe da rufewa. Muna ƙera maganaɗisu na ɗakunan bincike, ɗan'uwan wanda ke cikin injin hoton asibiti da ake tura mutum ciki a kwance. Ba irin ƙarfen da yara ke jan allura da shi ba ne. Waya ce ta musamman ake naɗawa, zagaye bisa zagaye, a nitsar da ita cikin ruwan hiliyom, mai sanyin da ƙanƙara ba ta kama ƙafarsa ba. A wannan sanyin wayar tana canza hali: wutar lantarki na bi ta cikinta ba tare da cikas ba, ba ta ɗumi, ba ta raguwa. Shi ya sa ake ɗura mata wutar da za ta narkar da waya ta yau da kullum nan take. Amma in wani ɗan wuri a cikin naɗin, ko da bai kai ƙwayar gero ba, ya ɗan yi ɗumi, wataƙila waya ta motsa ko ƙaron da ya riƙe ta ya tsage, sai wurin ya koma waya ta gama-gari. Duk wutar nan ta tarar da cikas, wurin ya yi zafi, zafin ya bazu. Wannan shi ake kira kwenci. Ummanku ta ce sunan bai zauna a bakinta ba, ita zazzaɓin waya take ce masa.

Kwenci ba abin kunya ba ne, kowane maganaɗisu yana yi. Abin da ke raba wanda ya tsira da wanda ya ƙone shi ne a gane da wuri, kuma aikina ke nan. Ana liƙa ƙananan wayoyi sirara kamar gashi a jikin naɗin, su fito waje zuwa wani allon lantarki da ni na zana shi. Allon yana gwada rabin naɗin na sama da rabin na ƙasa. Muddin sun daidaita, lafiya. In ɗaya ya rinjayi ɗaya har ya wuce iyakar da aka sa, ya kuma daɗe a haka fiye da ɗan lokacin da aka ba shi, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, sai allon ya yanke wuta ya juya ƙarfin zuwa wani tulin ƙarfe a waje, ya je can ya yi zafinsa. Iyaka da lokacin jira, lambobi biyu ke nan, duk amanar aikin tana kansu. In ka matse su, allon zai riƙa ihu a kan abin da bai taka kara ya karya ba. In ka sassauta, zai yi barci ranar da ake neman sa.

Wadda ke liƙa waɗannan wayoyi da dalma wata baƙar fata ce 'yar asalin Baltimore, Misis Loretta, ta girme ni da kusan shekara ashirin. Ba ta iya faɗin sunana Sama'ila ba, sai ta gutsure shi ta ce Sam, kowa a kamfanin ya bi ta. A makona na farko ta tarar da ni ina sallar azahar a bayan mota, a kan kwali, cikin sanyin da ke tsaga kunne. Washegari ta kira ni ɗakin ajiya, ta nuna mini lungun da ta kwashe akwatuna ta share, ta tambaye ni ko ya fuskanci inda nake so. Shekara shida ina salla a wurin. Mijinta yana fama da ciwon ƙoda, sau uku a mako ake kai shi wankin jini a kan inji, kuma inshorar aikinta ce ke riƙe da shi. Saura mata shekara biyu ta yi ritaya.

A shekarar da nake ba ku labari muna gina maganaɗisu mafi girma da kamfanin ya taɓa yi, wata jami'a ce ta ba da aikin. A can tsakiyarsa an sa wata sabuwar waya mai faɗi kamar zaren kaset. Tana da ƙarfi, amma tana da mugun hali guda: in ta yi kwenci, zafin ba ya saurin bazuwa, sai ya zauna wuri ɗaya yana ci kamar garwashi a cikin katifa, alamar da ke fitowa waje kuwa 'yar ƙarama. Saboda haka na matse lambobina sosai. Sakamakon shi ne allon ya yi ta yanke wuta. Sau huɗu muna ɗaga wuta, sau huɗu yana katsewa a kusan wuri ɗaya. Kowane katsewa, hiliyom ya tafasa ya fice ta bututun saman gini da gurnani, a zauna kwanaki ana jiran sanyi ya dawo. Mutane suka fara kallona a kaikaice. Wata ranar Litinin shugaban sashenmu, wanda zan kira Dakta kawai, ya tsaya a bakin teburina da kofin kofi a hannu.

"Sam, allonka inuwarsa ma tsoronta yake ji," in ji shi. "Ranar Alhamis mutanen jami'a za su zo su gani da idonsu. Ban ce ka yi abin da bai dace ba. Ka dai nemo hanya."

Na ce masa zan duba.

Ina so ku fahimci wannan da kyau: bai umarce ni da komai ba, bai kuma ambaci takarduna ba. Ni ne na tuna da su. Kamfanin ne ke nema mana takardar zama ta dindindin, girin kad, kuma lauya ya ce saura 'yan watanni ta fito. Inna, kakarku, tana Malumfashi, rabona da ita shekara biyar, ba ta taɓa ganin Habiba ba. Mun riga mun tsara cewa da takarda ta fito za mu tafi gaba ɗaya. Na kuma shawo kan kaina cewa katsewar nan duk hayaniya ce daga injin da ke ba da wuta, ba kwenci na gaske ba. Ban gwada na tabbatar ba, gwajin zai ci mako biyu. Ranar Laraba, lokacin da kowa ya tafi cin abincin rana, na zare allon daga akwatinsa, na cire wasu 'yan ƙananan abubuwa biyu da ba su fi ƙwayar shinkafa ba, na liƙa wasu a madadinsu. Iyaka ta ɗaga, lokacin jira ya ƙaru. Dokar wurin ita ce duk canji a kan allon sai an rubuta, mutum biyu sun sa hannu. Ban rubuta ba. Na ce na kwana ɗaya ne, da baƙi sun tafi zan mayar.

Ranar Alhamis da hantsi baƙi suka zo, mutum uku, aka tsaya bayan gilashi. Aka fara ɗaga wuta a hankali. Muka iso inda allon ya saba katsewa, muka wuce. Dakta ya waiwayo ya ɗaga mini babban yatsa. Ina jin ba a yi minti biyu ba muka ji wani ƙara daga cikin tankin da maganaɗisun ke ciki, kamar an fasa busasshiyar gora. Allon ya yanke wuta, amma bayan an riga an yi ɓarnar. Hiliyom ya taso da ƙarfin da bututun ya kasa ɗauka duka, farin hayaƙi mai sanyi ya fara malala daga rufi, ƙararrawar gargaɗin ƙarancin iska ta ɗauka, muka fice filin ajiye motoci da gudu. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni. Bayan mako guda, da sanyin tankin ya ragu aka buɗe, ƙauri ne ya fara tarbarmu. A tsakiyar sabuwar wayar akwai baƙin rami da babban yatsana zai shige. Aikin shekara biyu ke nan na mutum goma sha ɗaya.

Yanzu na zo wurin da alƙalami ke yi mini nauyi. Washegarin ƙonewar, ranar Juma'a, na riga kowa zuwa. Na zare allon, na cire abubuwan da na sa, na mayar da na asali. Na zuba waɗanda na cire a aljihun rigata. Da rana ta yi na tuƙa mota na tafi masallaci, na zauna a sahu na biyu da su a aljihu, na saurari huɗuba. Kuskuren Laraba zan iya ce masa gaggawa da tsoro. Abin da na yi ranar Juma'a ba shi da wani suna sai ha'inci.

Kamfanin ya ɗauko wani mai bincike daga waje. Ya gwada allon ya tarar yana aiki daidai da abin da ke rubuce. Sai hankalinsa ya koma kan ƙananan wayoyin. Aka tuna cewa mako guda kafin gwajin Misis Loretta ta gyara liƙin ɗaya daga cikinsu, kuma wannan wayar tana kusa da inda ya ƙone, ta narke ba a iya ganin komai. Mai binciken ya rubuta cewa mai yiwuwa liƙin ne ya saki, alama ba ta iso allo da wuri ba. Mai yiwuwa ya ce, amma kamfanin yana neman wanda zai ɗauki kaya. Aka dakatar da ita, aka ce za a yanke hukunci a ƙarshen wata. Ina zaune ta zo wucewa da kwali a rungume, hoton jikokinta a sama. Ta tsaya ta dube ni, ba fushi a fuskarta.

"Ka gaida mini Hajara da yara, Sam," ta ce.

Na ce za su ji. Ban ko tashi na riƙe mata ƙofa ba.

A lokacin muna zaune a wancan gidan mai bene na Germantown, wanda Zainab ce kaɗai za ta tuna shi sosai. Tana da shekara tara, Yusuf shida, Habiba tana goye. Akwai ɗan fili a baya inda Ummanku ta shuka yakuwa da tumatir. Kwana goma ina dawowa gida ina cin tuwo kamar mai haɗiyar magani. Ta ɗauka baƙin cikin maganaɗisun ne. Ranar Asabar ta biyu bayan an dakatar da ita muka je Hyattsville sayen daddawa da garin masara a shagon 'yan Afirka, kuna wurin maƙwabta. Da muka fito muka sa kaya a bayan mota, na zauna na kasa tada injin. A nan na faɗa mata komai, har da na ranar Juma'a. Kafin na rubuta abin da ya biyo baya na nemi izininta. Ta ce in rubuta yadda ya faru, kada in wanke ta.

Tana kallon gilashin gaba ta ce, "Wa ya sani?"

"Ba kowa."

"To Malam, ka bar shi a haka."

Ta ci gaba da sauri kamar mai tsoron kada in tare ta.

"Ita 'yar ƙasa ce, ko an sallame ta ba inda za a kore ta. Mu fa? Yara uku. Inna kullum tana ƙirga kwana. Saura wata nawa? Ka yi istigfari, Allah mai gafara ne. In takarda ta fito ma san yadda za mu taimaka mata."

Ban ɓoye muku ba, daɗi na ji. Abin da nake so in ji ke nan, kuma ga shi ya fito daga wani baki ba nawa ba. Na tada mota muka dawo gida.

Ai kuwa ita ce ba ta samu sukuni ba. Kun san al'adar gidanmu, da magariba ni nake jan salla, ita da ku kuna baya. Ranar Lahadi ta ce miya tana kan wuta, in yi da yara. Litinin ta ce Habiba tana kuka. Haka aka yi ta yi har kwana shida, kullum da dalili. Ranar Asabar na idar da salla na leƙa kicin, na tarar da ita tsaye a bakin tukunyar da ba komai a ciki. Na tambaye ta abin da ke faruwa.

"Na kira Misis Loretta shekaranjiya," ta ce. "Na ce bari in yi mata jaje, kada ta ga mun yi shiru. Ka san abin da ta tambaye ni? Ko haƙoran Habiba sun fito. Ta ce in sa cokali a firiji ya yi sanyi in ba ta ta ciza. Ina jin muryar mijinta daga ciki yana kiranta."

Ta goge ido da bakin mayafi.

"Na kasa tsayawa a bayanka, Malam. Kuma ba zan ce kai kaɗai ba ne, ni na ce ka yi shiru. Yanzu mu biyu ne a ciki. Ni dai ba zan iya ba."

Muka zauna a teburin kicin, kuna falo kuna kallon talabijin. Ba mu yi wata doguwar muhawara ba. Na ce mata ta san abin da zai biyo baya, ta ce ta sani. Na ce Inna fa, ta rufe fuska da hannu biyu. Da ta ɗago sai ta ba ni shawarar da ta nuna ta fi ni sanin kaina.

"Ka rubuta, ka aika wa mai binciken tun kafin ka shiga wurin Dakta. Na san ka. In ya yi maka magana mai laushi narkewa za ka yi."

Haka na yi. Ranar Litinin da safe na aika takardar, sannan na shiga ofishin Dakta na ajiye masa ambulan da 'yan abubuwan nan biyu a ciki. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna yana murza goshi.

"Sam, rahoto ya riga ya tafi. Ita za mu sallame ta cikin mutunci, ba za ta wulaƙanta ba. Kai kuwa kana da iyali da takardu. Zan iya cewa ba ka shigo nan yau ba."

Wallahi na ji bakina yana shirin cewa to. Sai na tuna ba abin da ya rage a hannuna. Na ce masa mai binciken ya riga ya samu takardata. Ya dube ni ya ce ya yi mini baƙin ciki, kuma na gaskata shi. Kafin ƙarshen makon an sallame ni, an mayar da Misis Loretta bakin aikinta. Mai binciken ya sake duba bayanan katsewar nan huɗu na baya, ya gano cewa aƙalla biyu kwenci ne na gaske, ƙanana, a daidai wurin da daga baya ya ƙone. Allona yana faɗin gaskiya tun farko, ni da na zana shi ne na ƙi yarda da shi. Na rubuta wa Misis Loretta wasiƙar neman gafara. Ba ta amsa ba, ni kuma ban samu ƙarfin halin zuwa gidanta ba.

Neman takardarmu ya mutu tare da aikin. Malam Isufu, mutumin Zinder da ke aiki a sashen Hausa na gidan rediyo, shi ya samo mana ɗaki biyu a Hyattsville, hawa na uku, ya kuma zo da motarsa muka yi ta jigilar kaya. Ummanku ta tsinke yakuwarta tun ba ta gama yi ba ta zuba a leda. Allah ya sa wani kamfani mai kula da injinan hoton asibiti ya ɗauke ni, duk da na faɗa musu abin da ya faru, suka yarda su fara nema mana takarda daga farko. Aikin shi ne ɗura hiliyom da duba bututu, yau Manassas, gobe Baltimore, jibi wani asibitin da ban taɓa jin sunansa ba. Shi na yi har na yi ritaya. Ban sake zana allo ba, a sana'armu mutane ba su da yawa, kuma labari ba ya ɓoyuwa. Zainab ta yi kuka da aka raba ta da makarantarta da ƙawayenta. Ta tsare ni a mota ta tambaye ni da Turanci me ya sa muka tashi. Na ce mata na faɗi gaskiya a wurin aiki aka kore ni. Ta share hawaye ta dube ni da wani irin alfahari, ni kuma na ji daɗin kallon, na bar zancen a nan. Daga ita Yusuf ya ji, daga Yusuf Habiba.

Lauya ya gargaɗe mu cewa in na fita ƙasar kafin takarda ta fito, babu tabbacin za a bar ni in dawo. Duk ranar Lahadi muna kiran Inna. Ni ne autanta, ba ta taɓa kirana da wani suna ba.

"Auta, yaushe za ka zo?"

"In takarda ta fito, Inna."

"Wannan takarda a ƙafa take tahowa?"

Sai ta yi dariya, ta ce a kara mata Habiba a waya ta ji muryarta. A shekara ta biyu na faɗa mata dalilin jinkirin, duk da ba ta san mene ne maganaɗisu ba. Na ce na yi ɓarna a wurin aiki, na bari aka ɗora wa wata, daga baya na je na faɗa. Ta tambaye ni ko matar ta koma aikinta, na ce ta koma. Ta ce to, ta canza zance zuwa tsadar taki. Ba ta sake tambayata yaushe zan zo ba, kuma wannan ya fi tambayar ciwo. A shekara ta huɗu, wata Talata bayan asuba, ina ɗaura takalmi zan tafi aiki, yayana Sani ya kira. Kafin rana ta take a nan an riga an kai ta makwancinta. Takarda ta fito bayan wata bakwai.

Ranar sadakar uku ɗakinmu ya cika, takalma har bakin matakala. Malam Isufu ne ke karɓar baƙi. Bayan la'asar ya raɗa mini cewa ga wata tsohuwa a waje tana neman Sam. Na fita na tarar da Misis Loretta tana hawa matakala da sanda, hawa uku, ta yafa gyale a kanta, da kwanon abinci a rufe a ɗaya hannun. Wani tsohon abokin aikinmu ne ya gaya mata. Ta yi ritaya, mijinta ya rasu shekara guda kafin nan, ban ma ji ba. Ta shiga wurin mata, Ummanku ta rungume ta suka yi kuka tare. Da za ta tafi na rako ta. A kan matakala ta biyu ta tsaya ta huta, ta riƙe ƙarfen gefe. Na ce mata ban san ko wasiƙata ta isa ba.

"Ta isa," ta ce. "Ban san abin da zan rubuta maka ba. Na yi fushi da kai ƙwarai, Sam."

Na ce ta yi gaskiya.

"Ba ka gane ba. Tun ranar farko na sani. Ni aka sa na naɗe allon a kai wa mai bincike. Na juya bayansa na ga sabuwar dalma a wuri biyu, an liƙa an cire an sake liƙawa. Shekara talatin ina wannan aikin. Ba hannuna ba ne, kuma mutum ɗaya ne a ginin nan yake tula dalma haka."

Na tuna ranar da ta wuce da kwali ta ce in gaida Hajara da yara. Da ƙyar na tambaye ta me ya hana ta faɗa.

"Na tuna jaririyar nan, na tuna takardunku. Na ce bari in ba shi dama ya zo da ƙafarsa. Amma kada ka ɗauke ni waliyyiya, mijina yana kan inji. Na rubuta komai, na sa a ambulan, yana cikin jakata kullum. Na ba ka zuwa ranar Laraba."

"Ranar Litinin na je," na ce.

"Na sani. Ka riga ni da kwana biyu."

Ta gyara gyalenta da ke zamewa, ta miƙo mini hannu in taimaka mata. Muka sauka a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya, har bakin titi inda jikanta ke jira a mota. Na buɗe mata ƙofa. Ta zauna, ta jawo sandarta ciki, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Na yi maka baƙin cikin mahaifiyarka," ta ce. "Ka koma ciki, baƙi suna jiranka."